Janar Ya Kai Iyalansa Gidan Tarihin Soja

A layinmu babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Janar, amma kowa ya san shi ya raɗa wa kansa. Fenti yake sayarwa. Shagonsa na kallon nawa, ni kuma tela ne, don haka duk labarin da ya fito daga bakinsa sai ya tsallako titi ya same ni a kan keke. Idan gwangwanin fenti ɗaya ka je saya, za ka ji yadda suka ƙetare kogi da bindiga a ka. Idan biyu ne, za a ƙara maka da yadda ya cafke kwamandan abokan gaba da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi. Wane yaƙi ne, wace shekara ce, wannan sirrin soja ne, ba a gaya wa farar hula.

Da ɓarayin batirin mota suka dame mu, sai aka yanke shawarar kafa kwamitin tsaro, aka sa ranar Lahadi don zaɓen shugaba. Mutum biyu suka fito, Janar da Mai aski. Mai aski wani siririn dattijo ne da bakinsa ya fi askarsa kaifi, kuma duk kan da ke layin nan ta hannunsa yake bi, saboda haka ya gama kamfe tun kafin a fara. Janar kuwa ya riga ya gaya wa surukansa da abokan cinikinsa cewa kujerar tasa ce, zaɓen ma cika ƙa'ida ne kawai. Idan ya faɗi, da wace fuska zai kalle su?

Ranar Laraba sai ga shi a shagona da wata takarda yana fifita da ita.

"Tela, kashe keken nan. Nasara ta zo da ƙafarta."

"Ta ina ta biyo, Janar?"

Ya baje takardar a kan yadin mutane. Gidan tarihin soja ne suka yi rangwamen bazara: duk tsawon hutun nan, iyali guda tikiti guda, komai yawansu.

"Ranar Asabar zan kwashi layin nan kaf," in ji shi. "Su je su ga irin makaman da hannun nan ya sarrafa. Ranar Lahadi ko Mai aski ni zai zaɓa."

"To ai iyali aka ce."

"Ku ba iyalina ba ne? Kwamanda uban sojojinsa ne. Yanzu kaki nake so, riga da wando, kafin Juma'a."

"Ina naka na da?"

"Yana inda ba a faɗa."

Na ɗauko tef na zagaya ƙugunsa, da ƙyar hannayena suka haɗu. Na ce arba'in da shida.

"Talatin da takwas," in ji shi. "Haka nake tun ina daji."

"Tef ya ce arba'in da shida."

"Tef ɗinka farar hula ne. Rubuta abin da na ce."

Na rubuta. Ranar Juma'a ya kawo lambobin yabo guda biyar a leda ya ce in maƙala a ƙirjin rigar. Na juya ɗaya na ga rubutun da ke bayanta, na mayar na yi shiru, domin maƙwabtaka tana da haƙƙi, kuma shi ke ba ni aron tsani.

Asabar da safe mutum ashirin da bakwai muka taru a bakin layi, ga bas ɗin haya tana jira. Kyauta ce, wa zai ƙi? Matarsa, wadda duk muke kira Maman yara, ta fito da kular ruwan sanyi da fuskar wadda ta riga ta san ƙarshen labari. Bayanta yayarsa ce, tsohuwa mai lema, da ta zo musu hutu. A duniya ita kaɗai ke kiransa Auta, kuma ita kaɗai ba ya iya ɗaga wa murya.

Sai Janar ya fito. Wandon ya kama shi kamar an zuba shi a ciki da mazurari. Tafiya yake ƙafa a miƙe, gwiwa ba ta lanƙwasa, lambobin suna ƙara kamar garken awaki masu ƙararrawa.

"Auta," in ji Yaya, "wa ya ɗaure ka haka?"

"Fareti ne, Yaya. Haka ake takawa."

Ya busa usur, ya jera mu, ya ƙirga mu sau uku, kowane ƙirge da nasa adadin. Da muka shiga mota aka bar masa kujerar gaba. Ya gwada zama, wandon ya yi wata 'yar ƙara ta gargaɗi, sai ya miƙe tsaye ya kama ƙarfe.

"Kwamanda ba ya zama a fagen daga."

Direba ya san hanya sarai, amma Janar ya zo da taswira da ya zana da kansa. Dama, hagu, hagu, miƙe, dama. Bayan minti arba'in motar ta tsaya, muka leƙa, sai ga mu a ƙofar shagona.

"Allah mun gode maka," in ji Mai aski. "Gidan tarihin ya yi kyau. Har da keken ɗinki na zamanin yaƙi."

"Dabara ce ta ɓatar da sawu," in ji Janar. "Ko da wani na bin mu, yanzu ya rikice."

"Ya rikice kam," in ji direba. "Ni ne."

Sai da rana ta take tsaka muka isa. Gini ne babba mai faffaɗan tsakar gida, ga tuta, ga iyalai sun yi layi da yara da lemuna. A tagar tikiti wata mata ce mai tabarau, irin waɗanda ba sa dariya a bakin aiki.

"Iyali guda," in ji Janar, ya ƙame.

Ta sauke tabarau ta bi layinmu da kallo har inda ya lanƙwasa bayan bishiya.

"Duka?"

"Allah ne ya yi albarka."

"To sai na rubuta dangantakar kowa. Wannan fa?"

"Matata."

"Wannan?"

"Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya."

Biyu ke nan, gaskiya ta ƙare. Na uku a layi Mai aski ne, da furfurarsa fara fat.

"Wannan ɗana ne."

"Ɗanka? Ai ya girme ka."

"Wahala ce. Ba ya jin magana, shi ya sa ya tsufa da wuri."

Mai aski ya langaɓe kai ya kama gefen rigar kakin. "Baba, a saya min alawa."

Daga nan abin ya zama gudu. Ni na zama ƙanin Maman yara. Mai kemis, da yake fari ne sol, aka ce kakarsu ta wajen uwa ya ɗauko. Mai burodi da matarsa Janar ya haɗa su wa da ƙanwa.

"Ƙanwa?" in ji matar. "Shekara goma sha tara da 'ya'ya huɗu, yau na zama ƙanwarsa?"

"Yi shiru, ƙanwata," in ji Mai burodi. "Na daɗe ina neman wannan hutun."

Direba ma da ya biyo mu don ya sha inuwa ya tashi a suruki. Ya tambaya wace 'yar aka ba shi, Janar ya taka masa ƙafa.

Mai tikiti ta rubuta komai ba ta ɗaga kai ba. Da ta gama ta turo takardar. "Sa hannu a nan. Maigida ne ke da alhakin duk abin da iyalansa suka taɓa, iyali kuma ba sa fita sai tare da maigida. Na ga kana da kaki. Tsofaffin sojoji muna rubuta sunansu a littafin girmamawa, in akwai katin shaida."

"Katina na sirri ne."

"Na yi zaton haka," in ji ta, ta buga hatimi.

A bakin zaure na farko wani gajeren tsoho ya tare mu, sanye da farar riga, yana ɗan ɗingishi, da siririyar sanda ta nuni a hannu. Ya ce shi ne jagora, zai zagaya da mu.

"Baba, je ka huta," in ji Janar. "Abin da ka karanta a littafi, ni a daji na yi shi."

"To, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Bari in bi bayanku, ko na ƙaru."

Abu na farko da Janar ya tsaya a gabansa wani baƙin ƙarfe ne mai taya biyu da dogon bututu yana kallon sama. Ya dafa igiyar da aka zagaye shi da ita, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar ya haɗu da tsohon aboki.

"Allah sarki. Wannan igwa ita ake kira Kashe-dubu. Da irinta na ruguza gada mai ƙafa tara, harbi ɗaya."

Mata suka yi salati. Matar Mai burodi ta ɗan leƙa ta gefe.

"To wannan ludayin da ke rataye fa?"

"Da shi ake zuba albarushi."

"Ga kuma murfi, kamar na tukunya."

"Don kada ruwa ya shiga."

Tsohon jagora ya yi gyaran murya. "A yi min afuwa. Murhun girki ne na tafi-da-gidanka. Bututun na hayaƙi ne. Yana dafa abincin mutum ɗari biyu."

"Haka ake gaya wa farar hula," in ji Janar.

"Baba," in ji Mai aski, "kenan da miya ka ruguza gadar?"

Janar ya busa usur ya ce a ci gaba.

Zaure na biyu na kayan asibitin soja ne. Akwai wani tebur da aka rubuta "A taɓa a gani", an jera almakashi da bandeji da kwalaben ƙarfe. Janar ya hango wani farin kwano mai faɗi da hannu a gefe, ya ɗauka da hannu biyu.

"Wannan ba kowa ke ganinta ba. Hular kwano ce ta masu dira da laima daga jirgi. Hannun nan na riƙewa ne saboda iska." Ya kifa a kansa, ya juya dama, ya juya hagu. "Sau goma sha huɗu na dira da irinta."

Mai kemis ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa.

"Ranka ya daɗe," in ji tsohon a hankali, "fo ne. Na marasa lafiyar da ba sa iya tashi."

Janar ya ɗaga kwanon daga kansa kamar mai ɗaga ƙwai.

"An dai wanke?" in ji Maman yara.

"Muna kyautata zato," in ji tsohon.

"A yaƙi," in ji Janar, yana goge kai da hannun riga, "abu ɗaya yana aiki biyu."

"Allah ya sa ba a rana ɗaya ba," in ji Mai aski.

Zaure na uku an gina shi kamar ramin ɓuya na fagen daga, da buhunan yashi da katako da fitilu marasa haske. A bakin shiga wani soja yana tsaye da bindiga. Janar ya tsaya a gabansa yana jira a sara masa. Ba a sara ba.

"Kai! Ba ka ga na gaba da kai ba? Wace runduna kake? Waye kwamandanka?"

"Auta, gunki ne," in ji Yaya. "Dubi hancinsa ya ɓantare."

"Na sani. Gwada ladabinsa nake yi."

Ya wuce gaba yana bayanin yadda jarumi ke tsayawa ƙyam harsashi na wucewa ta kunnensa. Ashe akwai na'ura a bango da ke sakin ƙarar yaƙi idan mutum ya gifta. Yana cewa "ni ko ƙiftawa ba na yi", sai ɗakin ya ɗauka: ta-ta-ta-ta, bum! Yara suka yi tsalle suna murna. Muka waiwaya babu Janar. Can muka hango takalmansa sun leƙo daga bayan Yaya, ya kwanta rub da ciki, ya rungume kular ruwan sanyi, yana kiran sunayen Allah da ban san ya haddace ba.

Da ƙarar ta lafa ya ɗago kai.

"Duk kun mutu," in ji shi. "Wanda ya tsaya a tsaye duk ya mutu. Wannan ita ce kwanciyar kariya. Darasi na ba ku."

Sai da mutum biyu suka ɗaga shi, don wandon bai yarda da tashi daga ƙasa ba. A faɗuwar lambobi biyu sun ɓalle. Tsohon jagora ya tsinci ɗaya, ya kai kusa da fitila, ya karanta da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya fara nauyi.

"Na uku. Tseren buhu. Ajin manya."

"Sunan ɓoye ne na wani farmaki," in ji Janar da sauri. "Farmakin Buhu. Mutane kaɗan suka dawo."

"Ka kuma zo na uku," in ji Mai aski. "Su wa suka riga ka gudu, Baba?"

Wannan karon dariyar ba ta ɓoyu ba. Na ga Janar yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ƙuri'unsa suna tsiyayewa. Gumi ya jiƙa kakin. Ya waiga ta ƙofar baya, sai idonsa ya faɗa a kan tankar yaƙi da ke tsakar gida, ƙatuwa, koriya, rana na dukanta.

"Ku biyo ni," in ji shi. "Surutu ya ƙare. Yanzu aiki za ku gani."

A jikin tankar an rataye allo da manyan baƙaƙe: KADA A HAU. Maman yara ta nuna masa.

"Baban yara, don Allah ka rufa mana asiri."

"Wannan na baƙi ne. Ni ɗan gida ne."

"Ranka ya daɗe, ƙofar saman nan ƙarama ce," in ji tsohon.

"Na kwana a irinta wata shida."

Yadda ya hau ma abin kallo ne. Da ciki ya ja, Mai burodi na tura shi ta baya, har ya kai sama ya ɗaga murfin. Ya tsaya ya sara wa jama'a, ya zura ƙafafu. Gwiwa ta wuce. Cinya ta wuce da ɗan roƙo. Da aka zo ciki, sai tafiya ta tsaya. Ya ja numfashi ya matsa, ya ƙara nutsewa kamu ɗaya, daga nan ko sama ko ƙasa. Rabinsa soja ne a cikin tanka, rabinsa mai fenti ne a rana.

"Haka kwamanda ke tsayawa," in ji shi. "Yana duba fili."

Muka bar shi ya duba fili na minti biyar. Ƙarfen ya sha rana tun safe. Fuskarsa ta fara sauya launi.

"Tela," ya kira ni ƙasa-ƙasa. "Zo nan. Wandon nan ka yi kuskure a awo."

"Talatin da takwas ka ce."

"To ai ba ka yi min gardama yadda ya kamata ba."

Ya fara wutsil-wutsil da ƙafafu a ciki. Ban san abin da ya shura ba, amma gidan yana da na'urar tsaro a cikin tankar, sai jiniya ta ɗauka, wiii-wiii, har tsuntsaye suka tashi daga rufi. Duk wanda ke gidan tarihin nan ya fito: iyalai, 'yan makaranta da malamansu, masu shara, mai sayar da lemo. Waya ta fi hamsin a sama ana ɗaukar hoto. Sai ga manaja, dogo mai taye, masu gadi biyu na bin sa, Mai tikiti a baya da takardarta.

"Waye wannan? Ina iyalansa?"

Ban taɓa ganin zumunci ya watse da sauri haka ba. Mai kemis ya shige cikin 'yan makaranta yana nuna musu tuta. Mai burodi ya kama hannun matarsa ya ce shi da iyalinsa suka zo, ba su san kowa ba.

"Yanzu na koma matarka?" in ji ta.

Mai tikiti ta gyara tabarau ta fara karantawa. "Ɗa na fari, mai furfura."

"Ni maraya ne, Hajiya," in ji Mai aski. "Tun ina goye."

"Suruki."

"Na sake ta," in ji direba. "Ban ma gan ta ba."

"Ƙanin mata."

Na buɗe baki zan yi nawa musun, sai na ga Maman yara tana tsaye ita kaɗai a gindin tankar, riƙe da kula, idonta ya ciko. Na ce, "Ga ni." Ban san abin da ya kai ni ba.

"Ba mai fita sai da maigida," in ji Mai tikiti, ta nuna wa masu gadi ƙofa. Aka rufe. Iyali suka dawo dole.

Manaja ya ɗaga kai ya dubi kakin da sauran lambobin. "Malam, kai tsohon soja ne? Wace runduna?"

"Wannan bayani ne na si..."

"Yallaɓai, ku bi shi a hankali," in ji Yaya. Ta riga ta sa an ɗora ta a kan kujera, ta miƙa lema tana yi wa ƙaninta inuwa. Da tausayi take magana, kuma muryarta irin ta masu kiran yara daga nesa ce. "Tun yana ƙarami ba ya son matsi. Ko da ya je ɗaukar soja, kwana uku ya yi. Ranar da aka zo yi musu allura ya ga tsinin ya faɗi sumamme. Ni na je na ɗauko shi a bayan motar kaji. Sati guda yana firgita."

"Yaya!"

"To ƙarya na yi, Auta? Ba ni na yi maka fifita ba?"

Dariyar da aka yi a tsakar gidan nan ta danne jiniya. Wata malama ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Janar ya rufe ido, kamar in bai gan mu ba mu ma ba za mu gan shi ba.

Aka fara ja. Masu gadi suka kama hannu ɗaya, Mai burodi da direba suka kama ɗaya. Ɗaya, biyu, uku! Hannun rigar ya taho, Janar bai taho ba. Aka kawo sabulun ruwa daga banɗaki aka tsiyaya a kewayen cikinsa, kumfa ta tashi, ya zama kamar kwano a wurin wanke-wanke. Aka sake ja. Shiru.

"Bel ɗinsa ne ya maƙale a ƙugiyar murfi," in ji tsohon jagora. "Sai an yanke daga ciki. Wa ke da almakashi?"

Tela ba ya fita ba almakashi. Tsohon ya zagaya gaban tankar, ya taɓa wani abu da ban ko lura da shi ba, wata 'yar ƙofa ta buɗe. Mutumin da ke ɗingishi ya sulale ciki kamar ruwa. Na bi shi ina buga kai da gwiwa. Ciki duhu, zafi kamar tanda, ga ƙafafun Janar suna reto a samanmu. Tsohon ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba ya kashe jiniyar.

"Sunkuya, akwai ƙarfe a hagunka. Taka nan. Kada ka dafa wancan."

"Baba, ka san cikin nan kamar ɗakinka."

"Shekara goma sha ɗaya na tuƙa irinta. A cikinta na samu ƙafar nan."

"Shi ne tun safe ba ka faɗa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Yanka nan."

Na yanke bel, na bi ɗinkin da na yi da hannuna na farke shi har ƙasa. Tsohon ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, na sa a ɗaya, na waje, da yanzu sun kai mutum tara, suka ja. Sai muka ji fuk, kamar an cire murfin kwalba, haske ya shigo, wandon ya faɗo mini a fuska.

Da na fito na tarar Janar a kwance a kan mutum huɗu, kumfa har wuya, rigar kaki babu hannu ɗaya, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma gajeren wando ne mai zanen agwagi. 'Yan makaranta suka yi tafi. Maman yara ta je wurin mai lemo ta yaye ledar teburinsa ta ɗaura wa mijinta.

Manaja ya sa shi ya sa hannu a takarda cewa ba zai sake taka gidan ba, da rangwame ko babu. Muna fita tsohon jagora ya biyo shi ya damƙa masa lambobinsa biyu.

"Riƙe abinka, ranka ya daɗe. Tseren buhu ma ba wasa ba ne."

A mota Janar ya samu zama a karon farko. Babu usur, babu taswira, cikin minti goma sha biyu muka hango layinmu. Har na fara jin tausayinsa, sai ya yi gyaran murya.

"Kun dai gani da idonku. Ƙofar nan an yi kuskure a ƙirarta. Da ban gwada ba, da ba su sani ba."

"Baban yara," in ji matarsa, "sha ruwa."

Ranar Lahadi aka yi zaɓe a gaban shagon Mai burodi, kowa ya rubuta a 'yar takarda ya jefa a bokiti. Mai aski ya lashe. Janar ya samu ƙuri'a biyu. Ɗaya tasa ce, wannan ba gardama. Ta biyun ce ta hana shi sakat. Ya dubi matarsa, ta ce ita lokacin zaɓen tana gida tana wanke ledar mai lemo. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Akwai mutum ɗaya mai hankali a layin nan," in ji shi. "Ya fito in gan shi."

Mai aski ya ɗaga hannu.

"Ni ne, Baba. Kuma ga aikina na farko a matsayin shugaba. Mutumin da ya toshe tankar yaƙi awa ɗaya da rabi, hukuma da kanta ta kasa kawar da shi, in muka ajiye shi a bakin layi wane ɓarawo ne zai wuce? Mun huta da sayen ƙofar ƙarfe."

Jama'a suka kwashe da dariya. Janar bai yi ba. Ya dubi Mai aski, ya dubi cikinsa, ya gyara tsayuwa.

"Kun ji da kunnenku," in ji shi. "Abokin hamayya da bakinsa ya amsa cewa sai da ni."

Tun ranar Litinin ya fito da benci bakin layi, kullum da yamma in ya rufe shago yana nan zaune, yana tsayar da baƙi yana tambayarsu wurin wa suka zo. Wanda ya tsaya kuma sai ya ji labari. Yanzu ba ya ba da na kogi, ba ya ba da na gada. Labari ɗaya ne: yadda ya kama tankar yaƙi shi kaɗai da tsakar rana, ba bindiga ba gurneti, aka busa jiniya, gari ya taru, sai da ƙarti goma sha ɗaya suka haɗa ƙarfi kafin su iya raba shi da ita.

Baƙon yakan juyo ya dube mu, yana jira wani ya ƙaryata. Mu kuwa ta ina za mu ƙaryata? Goma sha ɗaya ne, har da ni.